Ranar da Kakana Ya Ƙi Tsufa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban baƙi a asibitin Mubi, na ɗaura laktaye a wuya cikin zafin bazara, na ƙara wa kakana shekara hamsin a numfashi ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, alhali yawancin waɗanda suka yi mini dariya a ranar sun riga mu gidan gaskiya.

Lokacin an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba. Na dawo daga kwas ke nan aka ba ni aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. In na ce ɗakin gwaje-gwaje kada ka hango wani abin kirki. Ɗan ɗaki ne mai tebur da taga, sai madubin nan na duba jini da fitsari, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kuma madubin ba namu ba ne mu kaɗai. Ofishin dabbobi da shi suke duba jinin shanu, malamin kimiyya na sakandare ma yakan aiko a ara masa don ya nuna wa ɗalibai ƙafar ƙuda. Malam Bello, wani Bafillace dogo da ke aiki a ofishin dabbobi, shi ke zuwa ɗauka. Sai ya sa shi a akwati ya ɗaure a bayan keke kamar buhun dawa. In na ce masa ina tsakiyar aiki, sai ya ce, "Naka majinyacin yana da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Nawa fa?"

Firij kuwa muna da ɗaya, amma ya daɗe da mutuwa, nas-nas suna ajiye sabulu a ciki. Jinin da muke aikawa nesa don gwaji yakan isa ya lalace. Allurar rigakafin ƙyanda ma in ta zo sai an yi ta a gaggauce, abin da ya rage a zubar, yara kuma su ci gaba da mutuwa a ƙauyuka. Na faɗi wannan ne don ka san ba son a yaba mini kawai ya kai ni ga abin da na yi ba. (Son a yaba mini yana ciki, ba na musu. Amma ba shi kaɗai ba ne.)

Wata rana Babban Likita ya tara mu. Ba'indiye ne, mutumin kirki, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Ya ce wata gidauniya daga ƙasar waje ta ba wata jami'a kuɗi don a yi bincike a kan tsufa: me ya sa jikin wani yake gajiya da wuri, wani kuma ya tsufa tukuf yana riƙe da fartanya? Jini ne, ko abinci, ko hawan dutse? Za su buɗe cibiya ɗaya a yankin duwatsun nan namu, su kawo sabon firij mai aiki da kananzir, da sabon madubi, da motar jif. Sharaɗin gidauniyar shi ne kayan su zama na kowa: masu bincike, da asibiti, da ofishin dabbobi, da makaranta. Sai dai garuruwa biyu ake dubawa, mu da wani garin da ba zan ambata ba don ina da surukai a can. Inda aka fi samun tsofaffi na gaske, can kayan za su sauka.

Ya dube mu ya ce, "Akwai tsofaffi sosai a nan?"

Kowa ya tsaya yana tunani, kamar yadda masu hankali suke yi. Ni kuwa na miƙe. Ka san a lokacin ina ji da Turancina. Ina karanta jarida da ƙarfi a bakin asibiti don masu wucewa su ji. Na ce kakana da ke ƙauyen Kwaja, can kan dutse, ya haura shekara ɗari, kansa fari fat kamar auduga, gemunsa ma haka, kuma har gobe da ƙafa yake saukowa kasuwa.

Farin kai da gemu da tafiyar ƙafa duk gaskiya ne. Shekara ɗarin ce ban san inda na samo ta ba. Kaka Ayuba bai san shekarar haihuwarsa ba, babu wanda ya sani. Na dai ga tunda babu wanda ya sani, to babu mai ƙaryata ni. Babban Likita ya yi murna, ya sanar da jami'a cewa Mubi tana da mai shekara ɗari da ke hawan dutse, kuma a take ya naɗa ni tafinta na ranar da baƙi za su zo. Na fita daga ofishin ina tafe kamar an ba ni sarauta.

Bari in gaya maka wane ne Kaka Ayuba. Gajere ne, siriri, ƙafafunsa kamar tushen ƙirya. Kakarmu ta rasu da daɗewa, yana zaune shi kaɗai da awakinsa da gonar gyaɗarsa. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Yana kirana Ankwai, saboda haka nake furta "akwai" tun ina ƙarami in an tambaye ni ko da sauran abinci a kwano, ni kuma ina kiransa Tsohon Kaya. A 'yan watannin nan ya ɗauki wata sabuwar al'ada: duk ranar kasuwa sai ya biyo ta asibiti wai ya zo duba ni. Amma dubiyar ba ta daɗewa. Da mun gaisa sai ya koma bakin ƙofa, wurin Rifkatu, wata bazawara 'yar wajen Michika da ke sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mutumin da haƙoransa na gaba suka daɗe da yin sallama, shi ne kullum yake sayen ƙuliƙuli. Ni da na yi kwas na duba abin da ido ba ya gani, wannan da ke gaban hancina ban gan shi ba.

Da na gaya masa maganar baƙi, da yarenmu, ya saurara har na gama. Na ce masa abin da ake so kawai ya zo da farin kansa, ya zauna, a auna shi, in an tambaye shi shekaru ya ce da yawa.

Ya ce, "A ina za a yi?"

Na ce, "A gindin darbejiyar nan ta bakin ƙofar asibiti. Jama'a za su taru."

Ya ce, "Bakin ƙofa." Ya shafa gemu. "To, zan zo."

Ana gobe taron ya sauko ya kwana a ɗakina a unguwar Lamorde. Da safe na yi wanka, na saka farar riga da laktaye, na nemi gwangwanin man goge takalmina na rasa. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan randa. Kaka yana zaune a tabarma yana shan kunu, ya ce wataƙila ɓera ne. Na ce ya tashi mu tafi, ya ce in yi gaba, shi ba ya tafiya da yaro mai igiya a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa. Haka na tafi da takalmi mai ƙura.

Wajen hantsi gindin darbejiya ya cika. Mun tattaro tsofaffi daga Lamorde, da Kwaja, har daga Sorau an kawo wasu a bayan akori-kura, maza da mata, Musulmi da Kirista, an jera su a benci. Masu kallo sun fi su yawa. Rifkatu ma ta jawo tirenta kusa don ciniki ya buɗe. Malam Bello ya jingine kekensa ya tsaya a gefe, don shi ma madubin nan ya shafe shi.

Baƙin suka iso: wani malamin jami'a ɗan kudu, da wata Baturiya mai furfura da ake kira Dakta Marta, ita ce shugabar binciken. Na tare su da Turanci tun daga bakin mota. Na yi musu barka da zuwa da kalmomin da na kwana ina haddacewa. Ita dai ta yi murmushi ta gode, da Turanci. Aka fara aiki. Tana auna bugun jini, ta leƙa ido da haƙora, ta ba tsoho wani ƙarfe ya matse don a ga ƙarfin hannunsa, ni kuma ina fassara. Komai yana tafiya daidai, sai dai Babban Likita yana ta duban agogo yana raɗa mini, "Ina mai shekara ɗarin?"

Sai ga wani mutum ya ratso taron. Yana sanye da wata shuɗiyar riga mai aiki a wuya, ba hula, yana tafe yana buɗa kafaɗa. Kansa baƙi wuluk yana ƙyalli a rana, gemunsa baƙi, har girarsa baƙa. Na ɗauka wani ɗan kasuwa ne daga Kamaru. Sai da ya matso na ga ƙafafun, sannan ƙanshin man goge takalmina ya daki hancina.

Ya wuce bencin tsofaffi ko kallonsu bai yi ba, ya zauna a kujerar da ke gaban Baturiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ɗan karkata yadda mai tire za ta gan shi da kyau.

Babban Likita ya ce, "Wane ne wannan?"

Na ce, "Kakana ne."

Ya dubi kan, ya dube ni. Na ce masa ai al'adarmu ce, tsoho in ya haura ɗari yakan shafa baƙi ranar taro. (Babu wannan al'ada. A wurin na ƙirƙire ta, kuma a wurin ta mutu.)

Dakta Marta ta ce in tambaye shi shekarunsa. Na sunkuya na yi masa magana da yarenmu, ƙasa-ƙasa, na ce, "Tsohon Kaya, ka rufa mini asiri. Ka ce da yawa." Da ya amsa da yarenmu, da na tsira, don babu wanda zai gane sai 'yan Kwaja. Amma Rifkatu ba ta jin yarenmu. Saboda haka ya ɗaga murya, da Hausarsa ta kasuwa, yadda har masu keke a titi za su ji:

"Shekara na hamsin da biyar. Ni bai tsufa ba. Yaron nan ne ya ce in zo."

Bencin tsofaffi ya fara girgiza. Wata tsohuwa daga Kwaja ta rufe baki da gefen zane. Ni kuwa na ga firij ɗin nan da madubi da jif sun kama hanyar garin surukaina. Na gyara laktaye, na juya wurin Baturiya, na ce da Turanci mai kyau, "Ya ce shekararsa ɗari da biyar, kuma yana godiya ga Allah."

Malam Bello ya yi tari.

Ta ce in tambaye shi ko yana da wata damuwa a jiki. Kaka ya ce shi lafiyarsa ƙalau, yana noma gonarsa shi kaɗai, yana da awaki, yana da ɗaki mai rufin kwano, abin da ya rage masa kawai mai dafa masa miya. Ya faɗi haka yana kallon tire. Na fassara cewa gwiwoyinsa suna ɗan damunsa da damina.

Malam Bello ya sake yin tari, wannan karon har da dafa keke.

A lokacin rana ta take. Ka san bazarar Mubi. Gumi ya fara tsattsafo wa Kaka, kuma man goge takalmi ba a yi shi don kan mutum ba. Wani baƙin layi ya gangaro daga goshinsa ya bi gefen hanci. Wani ya bi bayan kunne ya shiga wuyan shuɗiyar riga. Ya sa hannu ya share, sai rabin fuskar ta koma kamar gindin tukunya, ga farin gashi ya fara leƙowa a tsakiyar kai.

Dakta Marta ta ajiye abin awonta. Ta ciro hankici daga jaka ta miƙa masa da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta ce:

"Baba, ga wannan ka share. Rana ta yi zafi yau. Yaya mutanen gida, yaya awaki?"

Da Hausa. Ba irin Hausar Turawa mai tuntuɓe ba, Hausa tas, wadda ta fi tawa daɗin ji. Ashe a wata tashar mishan aka haife ta, a ƙasar nan ta yi ƙuruciya, da yaran gari ta yi wasan ƙasa. Tun safe tana jin duk abin da ake faɗa. Ta bar ni ina fassara ne kawai don Babban Likita da abokin tafiyarta su bi zancen, kuma, kamar yadda ta ce daga baya, don ba ta so ta karɓe wa saurayi aikinsa.

Ka taɓa jin ƙasa ta ƙi tsagewa lokacin da kake roƙonta? Na tsaya riƙe da laktaye. Ban san ko in zauna ko in gudu ba.

Ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba, ta ce, "Malam tafinta, yau a kan mutum ɗaya an ba ni shekaru iri biyu. Shi ya rage, kai ka ƙara. Bari mu nemi na tsakiya." Wurin ya fashe da dariya. Babban Likita yana ta tambayar me aka ce, Malam Bello kuwa ya matsa kusa da shi ya ɗauki aikin tafinta ba tare da an roƙe shi ba, kuma bai rage ko kalma ɗaya ba. Har maganar al'adar shafa baƙi sai da ya gyara masa.

Ita kuma ta koma kan Kaka. Ba ta sake tambayarsa shekaru ba. Ta ce, "Baba, an ce da can Jamusawa sun zauna a ƙasar nan. Kai dai ba ka gan su ba, ko? Sai dai labari."

Nan ta kama shi. Kaka zai iya ɓoye furfura, amma ba zai iya barin labarin Jamus ya wuce shi ba. Ya sauke ƙafa, ya ce wa ya gaya mata? Shi da ya ɗauki akwatin wani Bajamushe a ka, ya hau dutse da shi, Bajamushen yana baya yana haki? Lokacin ko gemu bai fara ba, amma ya fi manya sauri. Ya kawo labarin shekarar farin ɗango, da shekarar murar da ta kwashe mutane, ya zo har kan ƙuri'ar da aka jefa ta zaɓen Najeriya ko Kamaru, inda ya ce a lokacin ma da jikokinsa ya je. Sai da ya kai aya sannan ya tuna da tire. Ya waiga a hankali.

Rifkatu tana dariya har da hawaye. Ta ce, "Baba Ayuba, ai ni da farin kan na san ka. Wannan baƙin kuma na wane ne? Je ka wanke, ka fi kyau da naka."

Dakta Marta ta ce a lissafinta ya haura tamanin, bai kai casa'in ba. Ta ba shi ƙarfen nan ya matse, allurar ma'aunin ta wuce inda tawa ta tsaya lokacin da na gwada da safe. Ta auna bugun jininsa ta sake aunawa. Sannan ta ce wa abokin tafiyarta, da Turanci, ni ma ina ji, ba mai shekara ɗari suke nema ba. Mai ɗari da yake kwance ba zai koya musu abu mai yawa ba. Wanda ya haura tamanin yana sauka daga dutse da ƙafa don neman aure, irinsa suka zo nema.

Bayan an watse ta kira ni gefe. Na zaci kora ce. Ta ce, "Na san me ya sa ka yi. Na ga firij ɗinku da sabulu a ciki. Amma da na rubuta ɗari da biyar, wani ya zo ya gano ba haka ba ne, gidauniya za ta janye kuɗinta, ba daga Mubi kaɗai ba, har daga sauran wuraren. Kuma duk abin da muka auna a jinin kakanka ya zama banza, don mun jingina shi da shekarun ƙarya." Na ce na tuba. Ta ce, "Turancinka dai yana da kyau." Wannan ya fi zagi ciwo.

Kayan sun zo Mubi bayan damina, ba don ni ba, sai don bencin nan ya cika da tsofaffi masu ƙwari. Allurar ƙyanda ta samu wurin kwana, jinin tsofaffi yana hawa na sama, na shanun Malam Bello yana hawa na ƙasa, kuma madubi ya zama biyu, muka daina faɗa. Aikin tafinta aka ba wata nas. Ni aka ba ni kula da firij: zuba kananzir da gyaran lagwani. Babban Likita ya ce aikin ya dace da ni, don firij ba ya bukatar a fassara masa komai. Shekara da shekaru a garin nan, in na wuce, sai wani ya ce, "Ɗari da biyar, ina kwana?"

Kaka kuwa ya zama ɗan gaban goshin masu bincike. Duk zuwansu sai sun ɗebi jininsa, yana cika baki wai jininsa ya hau jirgin sama shi bai hau ba. Bayan girbin gyaɗa aka ɗaura aurensa da Rifkatu a coci, da kansa fari fat. Da fasto ya tambaye shi shekarunsa don a cika takardar aure, sai ya nuna ni a cikin jama'a ya ce, "Ku tambayi jika na. Shi yana ba da gyara."

Abin da na ɗauka daga wannan rana ba wani babban ilimi ba ne, amma ya yi mini amfani har na yi ritaya. In baƙo ya sauka, kafin ka buɗe masa Turancinka, fara yi masa sannu da zuwa da harshen gida, ka saurara ka ji da wanne zai amsa.